Babur Ɗin Ya Yi Wa Dogo Kaɗan

Talata, da yamma

Dogo ya zo gareji yau. Wannan ce fitarsa ta farko tun abin nan. Ina durƙushe ina kwance wa wani babur salansa sai haske ya ragu a bakin ƙofa. Ban ɗaga kai ba na san shi ne. Ƙanena ne kaɗai mutumin da na sani wanda sai ya sunkuya kafin ya shigo garejina. Silifas ɗin ƙafarsa wari da wari ne, ɗaya baƙi ɗaya shuɗi.

Ya wuce ni kai tsaye zuwa ciki, inda babban babur ɗina na doguwar tafiya yake lulluɓe da tamfol. A matacce na saye shi, na ɗauki lokaci ina haɗa shi da hannuna, kuma a kan jikina na auna komai nasa. Ni kuwa Mama takan ce duk tsawon da aka ware wa gidanmu mantawa aka yi da ni aka juye wa Dogo.

Ya yaye tamfol ya hau. Gwiwoyinsa suka tokare robar gaba, bayansa ya lanƙwashe, ya zama kamar babban mutum a kan kujerar 'yan nazare. A da, da na yi dariya har na riƙe ciki.

Ya ce, "Yaya, za ka iya gyara shi ya yi daidai da ni?"

Na ce, "Ina za ka?"

"Tafiya."

"Wace irin tafiya?"

"Za ka iya ko ba za ka iya ba?"

Na ce zan iya. Jimla mafi tsawo ke nan da na ji daga bakinsa cikin makonnin nan, ban ga yadda zan mayar masa da ita da a'a ba.

Laraba, da rana

Na je gidan Mama. Dogo a can yake kwana yanzu, a doguwar kujerar falo, ƙafafunsa na reto ta ƙarshenta. Nasa gidan ya kulle. Na tarar yana wanka, don haka muka yi magana a kicin, ƙasa-ƙasa.

Mama ta ajiye cokali ta ce, "Kai yanzu mutumin da ba ya ci, ba ya barci, shi za ka ɗora a kan wannan dodon?"

Na ce ai ya iya babur, tare muka koya.

Ta ce, "Ba iyawar nake tsoro ba. Ka san abin da nake tsoro."

Na sani. Ba ta faɗa ba, ni ma ban faɗa ba.

Na ce na riga na amsa masa. Sai ta ce, "To ka ja shi. Ba bakanike ba ne kai? Ai 'dawo gobe' ita ce rabin sana'arku."

Na yi murmushi. Ita ba ta yi ba.

Alhamis, da hantsi

Awo. Na ɗora babur a kan jak na tsakiya, na ce ya hau, ya rufe ido, ya miƙar da bayansa, ya kai hannuwansa inda suka ga dama su sauka. Suka tsaya a iska, kamar yatsa uku sama da sitiyari. Na duba ƙafarsa, gwiwa ta fi ƙugu tsawo. Mutum in ya yi tafiyar yini a haka, da yamma sai an sauko da shi kamar buhu.

Na yi masa bayani: abu uku ne. A ƙara wa kujera tudu a matsar da ita baya, a sauke matakan ƙafa ƙasa kaɗan, a ɗaga sitiyari da wasu ƙarafa biyu da ake sa masa a ƙarƙashi. Ƙarafan sai an yi odarsu. Ya gyaɗa kai.

Da na sa hannu a bayansa don in miƙar da shi, ƙasusuwa na taɓa. Ya huda wa bel ɗinsa sabon rami, da ƙusa ina jin, don ramin a karkace yake.

Asabar, da yamma

Bai zo ba. Na yi odar ƙarafan.

Litinin, da rana

Ya zo ya zauna a benci tun safe. Ba ya magana, amma yana kallon hannuna. Mai shayi na bakin titi ya kawo mana kofi biyu da burodi, ya ajiye na Dogo a gefensa ba tare da ya kalle shi ba. Mutumin nan yana da hankali. Duk wanda ya zo da fuskar tausayi, Dogo tashi yake ya bar masa wurin.

Ya sha rabi. Na ga rabin da idona.

Laraba, da safe

Ƙarafan sun iso. Wannan karon, da ba na so, sai ga mai kaya ya cika alkawari. Na juya su a hannu, masu kyau ne, masu nauyi. Na sa su a durowar ƙasa, na rufa tsummoki a kai.

Da Dogo ya tambaya na ce ba su zo ba tukuna, ka san mutanen nan.

Ya ce, "To."

Na sha yi wa masu babur irin wannan maganar, ban taɓa jin kunyarta ba sai yau.

Alhamis, da yamma

Mun kai kujerar wurin mai kushin. Ba wanda na saba da shi ba, wani ne can ƙetaren gada da aka ce yana da soso mai tauri. Soso mai laushi daɗin minti goma gare shi, bayan nan mutum ya nutse ya koma inda ya fito.

Dattijo ne mai surutu, ga almakashi rataye a wuya. Ya kalli Dogo daga ƙasa zuwa sama ya ce, "Kai, malam, can sama ana ruwa?" Ya ɗora kujerar a kan benci ya sa shi ya zauna, ya zana da alli inda jikinsa ya tsaya. Ya ce tudu ba matsala, zai ƙara. Matsar da ita baya ne abin dubawa.

Ya ce, "In na ba ka wurin da kake buƙata, sai na ci wurin mai zama a baya. Madam za ta yi ƙorafi fa. Ni dai ba ruwana, kada ta biyo ni shago."

Na juya na kalli Dogo.

Dogo ya ce, "Ci duka. Ba mai zama."

Dattijon ya yi dariya ya ce, "Au, an yi faɗa ke nan? Ka bar wurin, wallahi za ta dawo, dukkansu haka..."

Na taka masa ƙafa. Ya kalle ni, ya kalli Dogo, bakinsa ya mutu. Dogo ya miƙe ya fita a hankali, har yana sunkuyawa a ƙofa.

Dattijon ya riƙe min hannu ya ce, "Yaushe?" Na gaya masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce in dawo jibi, zai ajiye duk wani aiki.

Na so in ce masa kada ya yi sauri.

Na sami Dogo a bakin gada yana kallon ruwa. Na tsaya kusa da shi, kusa ƙwarai, har kafaɗata tana taɓa hannunsa. Ya ce, "Yaya, ka taka min inuwa." Muka dawo.

Juma'a, da yamma

Uwargida ta ce in kawo shi gida ya ci abinci da mu, ko ya ɗan canza wuri. Ya zo. Komai lafiya har auta ta dawo daga maƙwabta. Shekararta huɗu, ba wanda ya gaya mata komai, kowa yana jiran wani ya gaya mata.

Ta haye cinyarsa ta ce, "Baffa, yaushe Anti za ta dawo daga asibiti? Ta ce ni zan fara ɗaukar jaririn."

Uwargida ta miƙe da sauri, ya ɗaga mata hannu. Ya ɗauki yarinyar ya ɗaga ta sama har ta taɓa silin da tafin hannunta, yadda suka saba. Tana ta ƙyalƙyala dariya. Ya daɗe bai sauke ta ba.

Da ya tafi uwargida ta shiga da ita ɗaki ta rufe ƙofa. Ni na zauna a falo da faranti uku ba a taɓa ba.

Asabar, da rana

Kujera ta dawo. Aikin ya yi kyau, haushi ya kama ni.

Litinin, da hantsi

Matakan ƙafa yau. Na sa mai walda ya yi min maƙalai biyu da za su sauke su ƙasa. Amma in ka sauke mataki, dole ka bi giya da birkin baya ka sauke su, in ba haka ba ƙafa za ta riƙa neman su a sama. Aiki ne na haƙuri, a kwance, a gwada, a sake kwancewa.

Na ce, "Miƙo min sifana goma sha biyu." Ya miƙo. Can na ga ya durƙusa a ɗaya gefen yana kwance nasa da kansa. Malamin makaranta ne, hannunsa na alli ne, amma bai manta ba. Muna yara shi ke riƙe min tocila.

Na ce masa yanzu da matakan suka yi ƙasa, kada ya kwantar da babur sosai a kwana, za su karci titi.

Ya ce, "Ba gudu zan yi ba."

Tun ɗazu nake juya maganar nan. Ba gudu zan yi ba. Na juya ta ta nan ta yi min daɗi, na juya ta ta can ta ba ni tsoro.

Talata, da yamma

Mama ta kira. "Yaya ake ciki?" Na ce saura ƙarafa. Ta ce, "Su daɗe." Ta ce jiya ya yi barci har rana ta fito, kuma ya nemi ƙarin shinkafa. Ta ce zuwa garejin nan yana yi masa magani.

Haka nake gani ni ma. Muddin aikin bai ƙare ba, yana da wurin zuwa da safe, kuma na san inda yake.

Laraba, da rana

Ya tambaya. Na ce ba su zo ba.

Alhamis, da rana

Ya tambaya. Na ce zan kira mai kayan. Na ɗauki waya na fita waje na tsaya ina kallon mai shayi.

Asabar, da yamma

Na fita gwada babur ɗin wani. Da na dawo na tarar da durowar ƙasa a buɗe, ƙarafan biyu a kan benci, Dogo a zaune gefensu. Tsumma ya je nema ya goge hannu.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na fara cewa yanzun nan aka... sai na kasa. Na ce tun wancan makon.

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

Ya ce, "Har da kai, Yaya? Mama ta kwashe magungunanta daga kan firji ta kulle a akwati. Wuƙar yanka albasa ma sai na tambaya ake ba ni. In na daɗe a banɗaki sai in ga inuwar ƙafarta a ƙarƙashin ƙofa. Kuna zaton ban gani ba? Na ce bari in zo wurin Yaya, shi ko ba komai ƙarfe yake kallo, ba fuskata ba."

Na ce, "Dogo, tsoro muke ji."

Ya ce, "In da abin da kuke tsoro nake nema, me zan yi da kujera mai daɗi? Me zan yi da gwiwa da ba ta ciwo?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. A ƙofa ya manta bai sunkuya ba, ya buga goshi da ƙarfi. Ko tsayawa bai yi ba.

Lahadi

Bai zo ba.

Litinin, da yamma

Bai zo ba. Mai shayi ya kawo kofi biyu, ya kalli benci, ya koma da ɗaya.

Talata, da safe

Mama ta ce yana fita da safe ya dawo da magariba, bai ce mata ga inda yake zuwa ba. Ta ce laifina ne da na bar durowa ba makulli. Na karɓi laifin, uwa ce.

Uwargida ta same ni ina zaune da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta ce, "Baban yara, ka taɓa tambayarsa inda za shi?"

Na ce tun ranar farko na tambaya.

Ta ce, "Ka tambaya kamar ɗan sanda. Ka je ka tambaya kamar yayansa."

Na ce ban ma san inda yake ba. Ta ce, "Ka sani."

Talata, da yamma

Ƙofar gidansa a buɗe take. Rabona da hawa benen nan tun ranar da muka dawo daga maƙabarta.

Ya buɗe tagogi, ya share falo. Yana zaune a ƙasa a tsakiyar ɗakinsu, ga kayan matarsa a jere a kan gado, an ninke su da kyau. Tabarau ɗinta a cikin gidansa. Littattafanta na koyon aikin jinya. Mayafin nan ruwan toka da take yawan sawa. A kusurwa akwai wani abu da aka lulluɓe da zanen gado. Ban kalli wajen ba, na san gadon jaririn ne. Ni na taya shi ɗauko shi daga wurin kafinta, muna ta gardama a kan ko zai shiga ƙofa.

Na zauna a ƙasa ni ma. Na ce, "Na yi maka ba daidai ba." Ya ɗaga kafaɗa.

Na ce, "Ina za ka, ƙanena?"

Ya ce wurin mahaifiyarta. Tsohuwar ba ta iya tafiya, ƙafafunta sun daɗe da ƙi, shi ya sa ba ta zo ba a lokacin. Garinsu tafiyar kwana biyu ce. Ta kira shi sau ɗaya. Ba ta tambaye shi yadda aka yi ba, ba ta ce me ya sa ba a kai ta da wuri ba. Cewa kawai ta yi, in da hali, tana son wani abu da 'yarta ta taɓa sawa.

Na ce to ai akwai motar haya, akwai masu kai saƙo.

Ya ce, "Ranar da na ɗauko ta daga gidansu, tsohuwar ta riƙe min hannu ta ce ga ta nan. Ba zan aika mata da kwali ba, Yaya. Da ƙafata zan je ta gan ni." Ya gyara ninkin mayafin. "Mota kuma akwai mutane. Wani zai ce ina zuwa, wata za ta ba ni riƙon jaririnta ta gyara zama. A cikin hular kwano ba mai yi min magana. In na ga dama in yi ihu, ba wanda zai ji."

Na ce me ya hana ka faɗa tun farko?

Ya ce, "In na faɗa da baki, ya tabbata ke nan kayan nata nake mayarwa."

Na taya shi ninke sauran. Ban iya ninki ba, yana bi yana gyarawa.

Laraba, da rana

Na ɗaura ƙarafan a gabansa. Sitiyari ya ɗago daidai inda hannuwansa suka tsaya ranar awo. Na juya masa hannun kuloci da na birki ƙasa kaɗan don wuyan hannunsa ya miƙe, na gyara madubai.

Sai matsala ta fito. Na tayar da inji na karya kan babur hagu gaba ɗaya, sai ya ɗau kuka da kansa ba wanda ya murɗa totur. Wayar totur ɗin ta yi gajarta, tana ja. Ta kuloci ma a ɗaure take tam. Ba zan bar kowa ya hau titi da wannan ba, balle shi.

Na ce sai an nemo masu tsawo, zai ɗau kwana biyu. Ya kalle ni. Na ɗaga hannu sama na ce, "Wallahi wannan karon da gaske ne. Zo ka taɓa da kanka."

Ya taɓa wayar. Sai na ji wani sauti ya fito masa ta hanci. Ba dariya ba ce cikakkiya, amma 'yar'uwarta ce.

Alhamis, da yamma

Na gaya wa Mama komai a waya. Ta ce, "To ka bi shi." Na ce ya ce shi kaɗai. Ta ce, "Kai da shi wa ya girmi wani?" Na ce Mama, mutum ne mai mata. Na ji abin da na faɗa bayan ya fita daga bakina. Ta kashe wayar.

Juma'a, da hantsi

Wayoyi sun samu. Na bi da su ta bayan ƙarfe, na karya kai hagu da dama, inji bai ce uffan ba. Na sake bin kowane noti. Na canza mai, na duba tayoyi, na sake bin notocin.

Na ce bari in fara zagayawa da shi kafin in ba shi. Na hau, na ture jak, sai ƙafafuna suka nemi ƙasa suka rasa. Da ɗan yatsa ɗaya na tokare, babur ya fara karkata, Dogo ya cafke shi ta baya. Mai shayi ya yi dariya har ya zubar da madara. Ya ce, "Oga, a kawo maka tsani?"

Babur ɗin da na haɗa da hannuna. Yanzu ko fito da shi daga gareji ba zan iya ba. Na zaci abin zai dame ni.

Dogo ya hau ya tafi har ƙarshen layi ya juyo. Bayansa a miƙe, kafaɗunsa a sake, gwiwoyinsa sun kwanta a jikin tanki. Rabon da in gan shi a miƙe haka na manta.

Asabar, da yamma

Mama ta zo gareji da kanta. Tun da na buɗe wurin ba ta taɓa takowa ba, ta ce warin mai yana sa ta ciwon kai. Ta tsaya tana toshe hanci da gefen mayafi, tana kallonmu muna ɗaura akwatunan gefe.

Ta ce wa Dogo, "Hau in gani." Ya hau. Ta zagaya shi. Ta taɓa tayar gaba da ƙafa kamar ta san abin da take dubawa.

Ta ce, "Duk inda ka tsaya ka kira ni."

Ya ce, "To, Mama."

Ta ce, "Ka gaishe min da tsohuwar. Ka ce mata..." Ba ta ƙarasa ba. Ta juya gare ni ta ce in samo mata abin hawa, kanta ya fara ciwo.

Lahadi, da sassafe

Ya tafi. Da takalma iri ɗaya a ƙafa, na duba. Na tsaya a bakin titi har ƙarar ta ɓace cikin ta sauran motoci.

Lahadi, da yamma

Saƙo: "Na tsaya. Lafiya." Na tura wa Mama, ashe ita ya fara kira.

Litinin, da yamma

Shiru. Wayarsa ba ta shiga. Uwargida ta ce wataƙila wajen ba sabis.

Talata, da rana

Shiru. Na ɗaura wa wani birki na manta ban sa fin ba. Allah ya sa na gani kafin ya tafi. Na rufe gareji.

Ina ta bin notocin a kaina, ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarafan sitiyari. Na matakan ƙafa. Na ɗaure su. Na san na ɗaure su.

Talata, da yamma

Mama ba ta ce min komai ba. Ta zauna a doguwar kujerar da wayarta a cinya. Da ta zage ni da ya fi.

Laraba, da safe

Shiru.

Laraba, da rana

Baƙuwar lamba. Na ɗauka hannuna duk baƙin mai.

"Yaya."

Na zauna a ƙasa, a wurin da nake tsaye.

Ya ce wayarsa ce ta faɗi a gidan mai ta fashe, kuma garin sai an hau tudu ake samun sabis. Da wayar maƙwabcin tsohuwar yake kira. Lambata ce kaɗai ya haddace, ta Mama ta ɓace masa, in ba ta haƙuri.

Na ce, "Ka isa? Ka gan ta?"

Ya ce ya isa. Ya ce da ya shiga ya durƙusa a gabanta, sai ta kama fuskarsa da hannu biyu ta ce ya rame. Ba ta buɗe kayan ba sai washegari. Mayafin kawai ta ɗauka, sauran ta ce a raba wa 'yan'uwa. Ya ce sun yi kuka, sun yi hira, ta ba shi labarin ƙuruciyar 'yarta da bai taɓa ji ba, wai har ta taɓa cizon wani malami. Ya ce ƙofar ɗakin tsohuwar ta lalace, zai tsaya ya gyara mata.

Sai ya ce, "Amma Yaya, aikinka bai cika ba."

Na ce me ya kwance?

Ya ce, "Ba abin da ya kwance. Gilashin gaba ne. Ka ɗaga ni sama ka bar shi a ƙasa. Iska duk a goshina take sauka, hular tana ta girgiza, wuyana kamar ba nawa ba. Bakanike guda."

Gaskiyarsa. Sam bai zo min a rai ba. Ni iska ta saman kaina take wucewa.

Ya ce, "Ka nemo mai tsawo ka ajiye. Ranar Asabar zan taso. Makaranta ma sun ce in koma wata mai zuwa, ina so in riƙa zuwa da shi."

Na ce to.

Ban ko wanke hannu ba na tafi gidan Mama. Ta sa na maimaita mata maganar daga farko, kalma bayan kalma, in na tsallake wani wuri ta mayar da ni. Da na zo kan Asabar ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta goge ido da bayan hannu, ta kalle ni ta ce, "To zaman me kake yi? Tashi ka nemo masa gilashin."

Laraba, da yamma

Na zaga kasuwar kayan babur har ƙafata ta gaji. Na samu a wani shago can ciki, mai kayan ya ce ya daɗe a rataye, ba wanda ya kai shi tsawo. Na rungumo shi a motar haya, mutane suna ta kauce min.

Yana jingine a bangon gareji. Na ɗaga shi daidai inda zai zauna a kan babur na gwada, ya wuce kaina.